Sautin Dawowar Kunkuru

Ranar Laraba da la'asar Malam ya shigo gida da fiyanonsa a kafaɗa, nannaɗe cikin tsohon bargo, ya ajiye shi a kan teburin cin abinci a hankali kamar mai kwantar da mara lafiya. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin tana goge hannu. Shekara ashirin da biyu suna tare, ta san idan ya shigo bai tambayi abin da aka dafa ba, to akwai magana.

"Likita, zo ki duba min majinyaci," in ji shi.

Ita ba likita ba ce. A kantin magani take aiki, ita ke karɓar kaya ta jera su a kan kanta, kowane magani da layinsa, kowace kwalba fuskarta na kallon waje. Amma tun ranar da ta taɓa ba shi maganin mura ya warke a kwana biyu sunan ya bi ta, har maƙwabta suka ɗauka.

Fiyanon ma ba irin na kiɗa kawai ba ne. Sintisaiza ce tsohuwa, irin wadda mutum ke haɗa sautin da yake so ya ajiye a cikinta. Gidaje sittin da huɗu gare ta, kuma Malam ya cika su duka da hannunsa cikin shekara goma sha bakwai. A gidan rediyo yake aiki. Kowace Asabar da ƙarfe goma na safe, Anti Mai Labari tana karanta wa yara labarin Kunkuru kai tsaye, shi kuma yana zaune a kusurwar ɗaki yana ba labarin sauti: saukar ruwan sama, ƙarar tsohuwar ƙofa, dariyar Kura, faɗuwar tulu a rijiya. Anti ba ta jiran kowa. Da ta ce ruwa ya sauko, to dole ruwa ya sauko.

"Akwai wani ɗan batir a ciki, bai fi maɓallin riga ba," in ji Malam. "Shi ke riƙe da sautukan ko da an kashe wuta. Mai gyara ya ce ya kusa mutuwa. Ya ce kuma da ya cire shi, komai zai goge."

"To ya za a yi?"

"Wai a fara kwashe su zuwa kwamfuta. Ga waya ya ba ni, ga sunan manhaja ya rubuta. Ni dai kin san ni da kwamfuta, gaisuwa ce kawai tsakaninmu."

Ta ɗauko kwamfutarta ta cinya ta ture gwangwanin sukari gefe. Wayar ta MIDI ce, irin ta haɗa kayan kiɗa da kwamfuta, mai kai biyu a ɓangare ɗaya, kowane kai da 'yan haƙora biyar. Ta sa wanda aka rubuta wa "shiga" a ramin shiga, na "fita" a ramin fita, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Shiru. Sai da Malam ya kira mai gyara a waya, mai gyaran ya ce a juya su, don fitar wancan ita ce shigar wannan.

"Ka gani," in ji ta, "har wayar taku ba ta da tsari."

Manhajar kashi biyu ce. Ɗaya ma'ajiya ce, tana karɓar sautuka ta jera su cikin akwatuna sittin da huɗu. Ɗayan na gyara ne, cike da layuka da ɗige-ɗige, ba ta ma tsaya kallonsa ba. Ta danna wurin karɓa, Malam ya danna nasa maɓallin, wani koren layi ya tafi a hankali har ya cika. Aikin shekara goma sha bakwai ya shige cikin ƙasa da minti ɗaya. Malam ya leƙa fuskar kwamfutar, ya taɓe baki.

"Shi ke nan? Ashe ban yi wani aiki ba."

Amma a daren ya ci abinci har da ƙari.

Washegari ya kai fiyanon wurin mai gyara. Ita kuma ranar rabin wuni take yi, ta dawo da azahar ta tarar da gida shiru. Ta buɗe fayil ɗin, da niyyar ta tabbatar yana nan kawai. Abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Malam bai taɓa raɗa wa sauti suna ba. Kowanne na ɗauke da sunan Turancin da ya zo da shi daga kamfani, kuma a warwatse suke, sarewa kusa da ganga, ƙararrawa tsakanin garayu biyu. Da a kantinsu ne wani ya jera kaya haka, da ranar zai ajiye aiki.

Ba ta iya jin ko ɗaya daga cikinsu, tunda kwamfuta adana su kawai take yi, fiyanon ne ke da murya. Sunayen kaɗai take gani. A sama kuwa ga wurin da ke cewa a jera bisa haruffa. Ta danna. Cikin ƙiftawar ido komai ya daidaita, har wani sanyi ya ratsa ta. Sai ta lura da guda biyu masu suna iri ɗaya sak, ta ce lallai a wajen kwashewa ne aka maimaita. Ta goge ɗaya, ta adana a kan tsohon fayil ɗin don kada su yi yawa su rikita shi, ta rufe kwamfutar ta tafi ta ɗora girki tana 'yar waƙarta. Ba ta gaya masa ba. So take ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a da yamma fiyanon ya dawo da sabon batir, cikinsa wayam. Duk gidan da aka danna, wani siririn kuka ɗaya yake yi kamar sauro. Ta haɗa waya, ta danna wurin aikawa, koren layin ya sake cika. Malam ya murza hannuwa ya gyara zama. A saman fiyanon akwai maɓallai layi biyu, takwas a sama, takwas a ƙasa. Da su ake zaɓar gida, a danna ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Yatsunsa suka taɓa biyu ba tare da ya duba ba.

"Bari mu ji ruwan sama."

Kura ta ƙyalƙyale da dariya a tsakiyar falo.

Ya sake danna wasu. Maimakon ƙofa, tulu ya faɗa rijiya. Ya cire hannu ya ɗora a gwiwa.

"Wayar nan ta cuce mu," ya ce a hankali.

Da ta yi shiru, da wayar ta ɗauki laifin, don ba ta da bakin musu. Ta kalli hannuwansa a kan gwiwa.

"Malam, ba waya ba ce. Ni ce. Na gan su a hargitse, na jera maka su."

"Kika jera su."

"Bisa haruffa."

"Likita, ni na taɓa karanta sunan nan? Idona ma ba ya ganin rubutun. Wanda aka rubuta wa sarewa, shekara goma ke nan da na mai da shi iska. Ƙofa na kusa da taku ne saboda in an buɗe ƙofa shigowa ake yi. Yatsa ɗaya zan matsar." Ya nuna kwamfutar. "Fayil ɗin farko fa, na kafin ki taɓa?"

"A kansa na adana."

Ya ɗaga kai ya kalli silin. Ta san abin da yake gani: ɗakin rediyo gobe da ƙarfe goma, jar fitila a kunne, Anti ta ce gari ya yi tsit, sai Kura ta fashe da dariya a kunnen yaran gari duka.

"Kana iya rubuta min lambobin?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sai in mayar da kowanne gidansa."

Ya karɓi biro, ya rubuta uku, ya tsaya, ya soke na biyu. Bai sani ba. Shekara goma sha bakwai yana danna su, amma da baki ko da biro ba ya iya faɗa. Tana kallonsa yana ta fama, sai ta ga hannunsa na hagu, wanda ba ya riƙe da biro, yana motsi a kan tebur, yatsa biyu suna taɓa katako.

"Ajiye biron," in ji ta. "Rufe idonka."

"Allura za ki yi min?"

"Rufe dai. Zan zaɓi sauti, ka kaɗa ka ji, sannan ka bar hannunka ya je inda ya saba. Kada ka danna, ka ɗora kawai. Ni zan duba."

Ta zaɓi na farko, ya taɓa. Wani shuuu ya cika ɗakin.

"Iskar kafin hadari," ya ce, yatsunsa kuma sun riga sun sauka.

"Biyu da bakwai," in ji ta. Ta buɗe sabuwar ma'ajiya a gefe, ta ja sautin ta saka a akwatinsa, ta goge sunan kamfani ta rubuta wanda ya faɗa.

Haka suka yi ta yi. Wasu hannun kan tafi kai tsaye. Wasu yakan tsaya a iska, sai Malam ya kwaikwayi muryar Anti, ya ce, "Sai ga Zaki ya fito daga kogo," nan take hannun ya tuna hanya. Tun tana jin nauyi har ta fara dariya. Ta ji sautukan da ba ta taɓa sanin daga gidanta suka fito ba. Ƙarar ƙofar nan ashe ta tsohon kabad ɗinsu ce yake kwaikwayo. Akwai wani guntun gunaguni kuma da ya ƙi faɗin sunansa.

"Na mene ne wannan?"

"Matar Kunkuru ce, in ta ga ya bar takalmi a tsakar ɗaki."

"A wurin wa ka ji shi?"

"Duba inda hannuna ya sauka," in ji shi, ido a rufe. "Rubuta kawai, Likita."

Rana ta yi sanyi, inuwar labule ta hau bango, akwatuna suka cika sai guda ɗaya. Huɗu da biyu ya rage fayau. Ta riga ta san dalili tun suna tsakiyar aiki, tana ta fatan ko ba haka ba ne.

"Akwai biyu masu suna ɗaya," ta ce. "Na zaci maimaici ne. Na goge ɗaya."

Ta aika sabuwar ma'ajiyar cikin fiyanon, ya buɗe ido ya danna huɗu da ɗaya. Wani sauti mai ƙiba ya fito, ɗum, ɗum, kamar ƙaramin mutum mai ji da kansa yana taku.

"Wannan Kunkuru ne zai fita, da dabara a cikinsa. Na kusa da shi kuma dawowarsa ce, bayan dabarar ta watse. Daga wannan na haɗa wancan, shi ya sa sunan bai canja ba." Ya shafa haɓa. "Kuma ba Asabar ɗin da ba ya dawowa."

"Kwana nawa ka ɗauka kana haɗa shi?"

"Ta 'yar tagar rubutun nan ta jikin fiyano? Sati biyu, lamba bayan lamba. Lokacin ma idona na gani."

Sai ta tuna da ɗaya ɓangaren manhajar, mai layuka da ɗige-ɗige. Ta kwafi huɗu da ɗaya ta saka a gidan da babu kowa, ta buɗe shi a can. Wani zane ya fito kamar tudu: layi ya haura a tsaye, ya ɗan sauko, ya miƙe, ya faɗi. Malam ya sa tabarau ya matso da kujera har kafaɗarsa na taɓa tata.

"Mene ne wannan?"

"Ina jin surar sautinka ce. Ga inda ya tashi, ga inda ya mutu."

Ya daɗe yana kallo. "Ashe haka yake da ƙusumbi."

Ta kama ɗigon ƙarshe ta ja shi dama, ya taɓa fiyanon, sautin ya yi jela mai tsawo. Ya ce ya yi yawa, wannan ai suma Kunkuru ya yi. Ta dawo da shi rabi. Ta kwantar da hawan farko kaɗan, takun ya daina ji da kai. Suka laluba suka sami wani layin da ke sa murya ta sunkuya a ƙarshe, ta ja shi ƙasa.

"Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya nan, kada ki yi numfashi."

Ya taɓa sau uku a jere. Ɗuum, ɗuum, ɗuum. Ko ita da ba ta san na da ba, ta ga Kunkuru tafe kai a ƙasa, yana tsara abin da zai gaya wa matarsa.

"Shi ne?" ta tambaya.

"Ba shi ba ne." Ya sake taɓawa yana karkata kai. "Wancan gajiya ce kawai. Wannan har da kunya. Bar shi haka."

Ta aika sautin gidansa a fiyanon, ta adana fayil ɗin, ta sake adana shi da wani suna, ta sa kwafi a filashi, sannan ta tashi ta duba tukunya.

Ranar Asabar da ƙarfe goma tana kanti, ta ajiye ƙaramar rediyo a bayan kwalaben maganin tari. Anti ta ce ruwa ya sauko, ruwa ya sauko. Ƙofa ta buɗe a kan lokaci. Kunkuru ya fita da niyyar yaudarar Kura, Kura ta gano shi tun kafin ya gama sallama. Wata mata ta shigo da takardar asibiti daidai lokacin da Anti ke cewa, "Sai ya juya ya kama hanyar gida."

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, minti ɗaya," in ji Likita, ta ɗaga yatsa.

Takun ya fito ta 'yar lasifikar, a hankali, yana sunkuyawa. Anti Mai Labari, wadda ba ta jiran kowa, ta yi shiru har ya yi taku huɗu, kuma da ta ci gaba akwai dariya a muryarta.

Likita ta rage murya, ta karɓi takardar ta duba.

"Wannan bayan cin abinci ake sha," ta ce, ta juya ta miƙa hannu zuwa layi na uku a kan kanta.