Pitaya a Kan Kabarin Eduviges

Alkawari dai Crisanto ya ɗauka, kuma a gaban mutane. Matarsa Eduviges, tun tana kan ƙafafunta, ta ce in ta riga shi tafiya a dasa mata pitaya, wani tsiro mai ƙaya, a kan kabari, irin ta tsaunin garinsu, mai curewa tsakanin duwatsu kamar bushiya. Da ita ta girma. In zafi ya tsananta sai ta yi fure jajir, 'ya'yan su nuna, a karkaɗe ƙayarsu da tsinke a sha.

Sai dai maƙabartar ƙauyen a kwari take, ƙasar yumɓu mai riƙe ruwa. Ita kuwa pitaya a gangaren tsauni take zama, cikin tsakuwa, inda ruwan sama ke wucewa bai tsaya gaisuwa ba. Crisanto bai jahilci wannan ba, mutumin da ya tsufa yana bin awaki a tsaunukan Coahuila. Ya yi ta jidar tsakuwa a kan jaki har ya tayar da tudu. Kafin ya haƙo tsiron ya yi wa gefen da ke kallon kudu alama, ya dasa shi yana fuskantar inda ya saba, don kada rana ta ƙona shi. Duk da haka na farko ya ruɓe, na bayansa ma haka. Ga na uku kuma gindinsa ya fara laushi. A ƙauye har an fara ƙus-ƙus, wai mamaciyar ce ba ta karɓa ba. Maganar ta hana shi cin abinci.

Wata safiya Nicanora, ƙanwar marigayiyar, ta biyo shi da tortiya, wainar masara, a ƙunshe. Ta tarar da shi durƙushe, yana tuttule gorar ruwa a kan tudun.

"Mijin yaya! Me zan gani haka? Shinkafa kake nomawa?"

"Ba tsiron nake ba wa ba," in ji shi, bai ɗago ba.

"To wa? Ranar matattu ake ajiye musu ruwa, a kofi, shekara sau ɗaya. Kai kullum? Tsohon banza, da hannunka kake kashe shi, kana barin mutane suna zagin 'yar'uwata!"

Crisanto ya daina zuba ruwan.

"Ba kya nan a asibiti, Nicanora. Sun ce za a yi mata aiki, kada ta sha komai. Ta riƙe mini riga tana cewa, Santo, ko jiƙa mini baki. Na ce ta yi haƙuri, in an fito zan ba ta har ta ƙoshi." Ya murza murfin gorar. "Ba a fito ba."

Nicanora ta matso kusa. Ta durƙusa ta danna gindin tsiron da bakin wuƙa. Yawancin kawunan tsiron sun zama ruwa. Ɗaya ne kawai a gefe da sauran ƙarfi.

"Wannan zai tashi," ta ce a hankali, "in ka bar shi da ƙishi. Zuba a gefe mana."

"A gefe marigayi Abundio ne kwance. Shi zan shayar?"

"To zaɓi ɗaya. Ba za ta samu duka biyun ba."

Ta ajiye masa abincin ta tafi. Shi kuwa ya zauna har rana ta take. Tsiron nan Eduviges ta roƙa tana dariya, a gaban jama'a. Ruwan kuwa ta roƙa su biyu kaɗai, murya ba ta fita.

Can ya zaro wuƙarsa ya yanke kan nan mai rai, ƙaya na shiga yatsunsa bai kula ba. Ya naɗe shi a mayafi, zai mayar da shi tsauni. Ya san abin da za a faɗa gobe in an ga tudun ba komai: Crisanto ya saɓa alkawarin mamaciya. Su faɗa.

Ya buɗe gorar, ya karkata ta sannu-sannu daidai wajen kanta.

"Sha, Eduviges," ya ce. "Babu mai hana ki."