Layin Taga da Layin Bango

Shekara goma sha tara ina aikin nas a ɗakin maza na asibitinmu, kuma babu abin da na tsana irin gyambon kwanciya. A kawo mutum ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ceto ransa, sannan katifa ta cinye masa baya. Maganin kuwa ko ɗalibar shekarar farko ta san shi: a juya mutum duk bayan awa biyu. To wa zai juya? Gado arba'in, mu uku.

Ga mata nan zube a baranda, kowacce da tabarmarta da kular amala, amma doka ta ce ba sa shiga wajen mazansu sai ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Da na koma jami'a neman digiri na biyu, kan wannan na ce zan yi bincikena. A buɗe musu ƙofa tun safe, a koya musu juyi, a gani ko gyambo zai ragu.

Malamata, Farfesa Oyelaran, ta ce abu ya yi kyau, amma bincike ba a yin sa da ka. Dole a raba ɗakin biyu. Matan layin taga a koya musu, matan layin bango a bar su su shigo su zauna kawai, don a sami abin kwatantawa. Kwamitin asibiti ya ba mu wata shida. In lissafi ya nuna koyarwar ta yi amfani, ƙofa za ta zauna a buɗe har abada, in bai nuna ba a koma ƙarfe huɗu.

A sati na uku aka kawo Baba Alao, manomin koko, aka ba shi gado na sha huɗu a layin bango. Matarsa, Iya Morufu, mai sayar da manja ce, irin matan da in suka yi magana kasuwa ke yin shiru. Kwana biyu tana kallon yadda nake koya wa na layin taga: naɗe zanen gado, sa matashi tsakanin gwiwoyi, duba ƙugu da diddige. Rana ta uku ta tare ni, ta ɗan rusuna.

"Sista Abeni, 'yata, yaushe za a zo kanmu?"

"Iya, ku ba kwa ciki."

"Ba ma ciki? Mijina ba shi da baya ne?"

"Tsarin binciken ne haka, Iya. In an gama kowa zai samu."

"In an gama." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Allah ya ba ki miji mai kwana a layin taga."

Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban koya mata ba. Farfesa ta ja min kunne a kai.

Abin da ba mu sa a lissafi ba, famfon da ke bayan ɗakin namu. A can matan ke wanki, a can suke cin abinci kwano ɗaya, wadda ta zo jiya ta zama ƙanwa, wadda ta yi wata ta zama uwa. Yaushe mace za ta san abin da zai ceci mijin wata ta rufe baki? Iya Morufu ta kwantar da wata a kan benci, ta sa 'yan layin taga suka nuna mata, har ta fi su iyawa. Daga nan duk sabuwar da ta zo sai ta bi ta hannunta. Da zarar na shiga ofis ko na fita karɓo magani, sai a hau juyi a layin bango, mace biyu-biyu. Na dawo, kowacce ta zauna ta naɗe hannu kamar a coci.

Na sani mana. Mutum na bar shi yana kallon gabas, na dawo yana kallon yamma, ga shi ba ya iya ɗaga ko yatsa. Na ce, "Baba, wa ya juya ka?" Iya Morufu ta ce, "Ikon Allah, Sista." Ɗakin ya ɗauki dariya, ni ma na juya baya na dara. Wallahi wata shidan nan su ne mafi daɗin aikina. Warin nan da ke tarbar mutum tun daga ƙofa ya ɗauke.

Da aka gama, na kai wa Farfesa takardun. Layin taga mutum uku suka yi gyambo cikin saba'in. Layin bango huɗu cikin saba'in da ɗaya. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Abeni, babu bambanci."

"Ma, babu bambanci ne saboda duka ana juya su."

"Kin gani da idonki kika yi shiru?"

"In hana mace taɓa mijinta?"

"Ba hanawa ba ne, tsare bincike ne. Kin ɓata shi da hannunki."

Gaban kwamiti na tsaya na ce su kwatanta da bara, lokacin da kusan rabin masu shanyewar jiki ke rubewa a hannunmu. Shugaban ya sa aka ɗauko kundin bara. Gyambo shida a shekara guda. Shida! Don ba ma rubutawa. Gyambo abin kunyar ɗaki ne, wadda ta rubuta shi ita babbar sista za ta tsare da tambaya, sai mu wanke, mu ɗaure, mu rubuta "fata lafiya". Shugaban ya juyo da kundin ya nuna min shafi, ga sa hannuna nan a ƙasa, ba sau ɗaya ba.

Ya ce a takarda dai, zuwan matan ma ƙara gyambo ya yi, ga hayaniya, ga shanyar wanki a kan waya. Ranar Litinin aka mayar da dokar ƙarfe huɗu. Ni kuma aka ba ni digirina, har malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya duba aikina ya yaba da yadda na bayyana kurakuran aikin ba ɓoye-ɓoye. Na sa hula mai tuntu, aka yi hoto, 'yan'uwana suka ɗinka anko.

Baba Alao an sallame shi tun tuni da bayansa sumul, amma ciwon ya sake buge shi, aka dawo da shi bayan dokar da sati biyu. Iya Morufu ta koma baranda. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Duk awa biyu sai ta zo bakin taga ta ce, "Sista, lokaci ya yi," ni kuwa ina kan wani mai aman jini ko mai neman iska. Wani lokacin in samu zuwa, sau da yawa ban samu ba.

Kwana tara, ina canja masa zane, na ga gyambo a ƙugunsa na hagu. Ya riga ya buɗe.

A ranar Farfesa ta zo duba ɗalibai. Na ja ta har gado, na ɗaga zanen don ta gani, ina zaton za ta koma wa kwamiti da kanta. Ta sunkuya ta duba da kyau, ita ma ai tsohuwar nas ce, na ga abin ya taɓa ta.

"Auna shi ki rubuta," ta ce a hankali. "Duk gyambon da ya fito daga yau, ki rubuta. In muka tara shekara guda ba hannun kowa a ciki, ba mai iya musa mana."

"Shekara guda, Ma?"

"Ƙasa da haka ba za su karɓa ba."

Na ɗauko abin awo na ɗora. Santimita huɗu da rabi. Iya Morufu tana bakin taga tana kallona, ƙarfe huɗu kuma saura awa uku.