Takardar da Malam Bai Taɓa Gani Ba

Lauya ake ce mata a makaranta, kuma ba don yabo aka laƙaba mata sunan ba. Tun tana aji ɗaya, in aka ce a yi kaza sai ta ɗaga hannu ta nemi dalili. Yanzu tana aji shida, saura wata biyu jarrabawar fita, amma bakin nan bai mutu ba. Malamai da yawa in sun hango hannunta a sama sai su juya su kama goge allo. Mutum ɗaya ne ba ya gajiya da ita, malamin adabi, wanda yake kula da jaridar bango ta ɗalibai.

Shi ne mai shigowa aji ya ɗosana a bakin tebur ya ce, "Daidai da ba daidai ba, ya danganta da inda mutum yake tsaye. Doka mutane suka rubuta ta, mutane kuma suna da ikon tambayarta." Irin waɗannan maganganu Lauya takan kwashe su ta zuba a bayan littafinta, har da ja musu layi. In ka ji ta a gida tana gardama da yayyenta, rabin maganar ta Malam ce. Ta ɗauke shi uba na biyu, gaskiyar magana ke nan.

Dokar da ta tsaya mata a rai ita ce ta ƙofa. Ƙarfe bakwai da rabi maigadi yake rufe ƙofar makaranta. Ɗalibin da ya makara, ko da minti ɗaya ne, zai tsaya a waje har a gama darasin farko, sannan a miƙa masa tsintsiya. Amma wannan ƙofar dai da aka rufe, in malami ya danno hon ƙarfe takwas da kwata, da gudu ake wangale ta, 'yan makara su matsa gefe su ba mota hanya, har da gaisuwa.

Babanta mai gyaran agogo ne, yana da 'yar rumfa a bakin titi da akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su. Ta ari ɗaya daga ciki, ya saita mata shi daidai, bai ko tambaye ta na mene ne ba. Sati uku tana zama a gindin bishiyar da ke kusa da ƙofa duk lokacin da ta samu sarari, ko ta leƙo ta tagar aji, tana rubuta wanda ya shigo da lokacin da ya shigo. Da ta gama ta rubuta sharhi shafi biyu, ba ta ambaci kowa ba, "wasu malamai" kawai ta ce. Ta kai wa malamin adabi ya duba, kamar yadda ake yi da duk abin da za a liƙa a bango.

Ya zaro jan biro ya bi rubutun layi-layi yana murmushi.

"Wannan ai gunaguni ne, ba rubutu ba," in ji shi. "Wasu malamai su wa? Kina da hujja a hannu kina ɓoye ta?"

A gefen takardar ya rubuta, sa sunaye da lokaci. Ya soke jimlarta ta ƙarshe ya ɗora tasa, cewa wanda ba ya bin doka ba shi da bakin hukunta wanda ya karya ta.

"Malam, ba za a ce na yi rashin kunya ba?"

"Za a faɗa mana. Amma ina bayanki."

Ranar Litinin ta liƙa sabon kwafi da ta rubuta da hannunta. Lokacin hutun tara, ba ka ganin bangon saboda kawuna. Mataimakin shugabar makaranta ne a saman jerin, kwana goma sha ɗaya cikin sha biyar, kuma shi ne mai raba wa 'yan makara tsintsiya. Kafin a tashi an yage takardar, an miƙa wa Lauya wasiƙa. An ce ta zo da mahaifinta ranar Alhamis gaban kwamitin ladabtarwa, in laifin ya tabbata a cire sunanta daga cikin masu rubuta jarrabawa.

Babanta ya karanta wasiƙar a rumfa, da gilashin aikinsa maƙale a ido ɗaya. Ya cire shi ya ajiye a hankali.

"Uwata, ke aka aika ki gyara makaranta?"

"Baba, Malam ne ya duba. Shi ya ce in sa sunayen. Ga rubutunsa ma da jan biro yana jakata, kuma zai faɗa musu da bakinsa."

"Allah ya sa," abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da aikinsa.

Da safiyar Alhamis malamin adabi ya tare ta a bakin laburare, idanunsa kamar bai yi barci ba. Ya tambaye ta ko takardar da ya gyara tana wurinta. Ta ce tana nan.

"Kawo ta. In ke kika fito da ita, za a ce kin tona wa malaminki asiri, ki ƙara wa kanki laifi. In ni na ajiye musu ita a tebur da hannuna, magana ta ƙare. Ni ne babba, ni ya kamata in ɗauka."

Saura kaɗan ta yi kuka don godiya. Ta zaro takardar, har da shafa ta a cinya don ta miƙe, ta ba shi da hannu biyu. Mai wayon da ta iya ƙirga wa malamai minti, ko a ranta ba ta kawo ta yi hoton takardar ba.

Ofishin shugabar makaranta dogon tebur ne da fanka mai ƙara, da kofunan gasa a jere a kan kabad. Mutum biyar ne a zaune, har da mataimaki da malamin adabi. Babanta ya rufe rumfa ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya zauna a gefen kujera kamar wanda za a ce masa tashi. Aka karanta laifi, cin mutuncin malamai da tunzura ɗalibai. Abin da zai ba ka haushi, cikin mutum biyar ɗin nan babu wanda ya ce lokutan da ta rubuta ƙarya ne. Ko ɗaya bai kusanci wannan zancen ba.

"Wa ya ba ki izinin liƙa wannan?" in ji shugabar.

"Ranki ya daɗe, Malam ne ya duba. Shi ya ce in sa sunaye."

Duk aka juya. Malamin adabi ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ranki ya daɗe, a bango na fara ganinta kamar kowa. Na sha gaya musu kada a liƙa komai sai na duba."

Da farko ta zaci bai gama ba ne, ta jira sauran maganar. Ya mayar da tabarau.

"Malam, takardar da na ba ka ɗazu."

"Wace takarda?"

Ya faɗa yana kallonta ido cikin ido, da muryar nan mai taushi da yake karanta musu waƙa. Jan biron yana soke a aljihun rigarsa. 

Mataimaki ya ce laifi ya zama biyu, ga rashin kunya ga ƙazafi. Shugabar ta ce ba ta son ɓata wa kowa rayuwa. Yarinya ta janye abin da ta rubuta, ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta yi wa malaminta, in ba haka ba yau ɗin nan a soke sunanta.

Sai babanta ya zame daga kujera ya durƙusa a kan siminti, mutumin da ya girmi duk wanda ke ɗakin.

"Ranki ya daɗe, shekara shida nake jiran jarrabawar nan. A yi mana rai." Ya juyo gare ta. "Uwata, faɗi abin da aka ce ki faɗa."

Ta kalli gwiwoyinsa a ƙasa. Ta faɗa. Aka ce ba a ji ba, ta ɗaga murya ta sake faɗa, cewa Malam bai taɓa ganin takardar ba, ƙarya ta yi masa. Malamin adabi ya ce ya yafe har ga Allah, yarinta ce, ya kuma roƙi kwamiti a bar ta ta rubuta jarrabawarta, don yarinya ce mai ƙwaƙwalwa. Aka yaba masa da haƙuri.

Babanta ya tsaya sa hannu a takardar alkawari, ita da Malam suka riga shi fitowa baranda.

"Malam, me ya sa?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ke wata biyu ya rage miki a nan. Ni a nan nake ci da iyalina. Daga inda nake tsaye, abin da na yi shi ne daidai. Kuma ga shi na ceto miki jarrabawarki, ba ki rasa komai ba."

Da a ce ya nuna kunya ko kaɗan, da ta samu abin riƙewa. Amma ta ga ya yarda da abin da yake faɗa, kuma wannan ya fi ƙaryar ciwo.

Babanta ya fito, ya kama hannun Malam da hannu biyu, yana ta zuba godiya da addu'a, har da yi wa 'ya'yansa fatan a rufa musu asiri yadda ya rufa wa tasa. Malam ya ce ba komai, ai ɗa na kowa ne.

Suka kama hanya, uban a gaba, ita a baya. Suka wuce gidan mai da layin masu faci. A bakin rumfa, yana laluben makulli, ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Rubutun bai dame ni ba, na san halinki. Abin da ya ƙona min rai, ki rasa wanda za ki yi wa ƙarya sai mutumin da ya tsaya miki. Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba, Uwata. Gobe ki same shi ke kaɗai, ki sake ba shi haƙuri."

Ta dube shi, tsohon da ƙurar simintin ofis ba ta gama barin gwiwar wandonsa ba.

"To, Baba," in ji ta.