Gayyar da Aka Yi wa Illo

Kowa a Madarumfa ya san yadda Illo ya ci mutuncin ɗansa Al'amin a kan itatuwan nan. Shekarar da furoje, wato shirin inganta noma, ta zo da sabon sassabe, malamin gona ya ce a daina tumɓuke tohon kalgo da sabara, a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi ya girma, ya tare iska. Al'amin ya ɗauka da zafinta. Illo kuwa, a gaban majalisa, ya ce gonar ubansa ba ta taɓa zama kango ba sai da ya haifi rago.

Sanƙarau ya ɗauke Al'amin da bazara, ba su shirya ba.

To, tun daga nan tsohon ya fara zuwa gona shi kaɗai. Yana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana duba inda wuƙar yaron ta bi. Ashe hannun Al'amin da kyau yake, yanka sumul, babu tsaga. Itatuwan sun kai ƙirjin mutum. Illo ya koyi datse musu ƙananan rassa kamar yadda ya taɓa gani da wutsiyar ido, har hira yake yi da su. Su kaɗai suka rage masa na ɗansa, don yaron ko aure bai yi ba. Amma girman kai, kun san halinsa, bai bar shi ya gaya wa kowa ba. In an yi zancen gonar sai ya ce, "Ƙarfi ne babu."

Da wata bazarar ta zagayo, ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ƙanensa Hassan, mutumin kirki wallahi, ya ji tausayi, ya tara samarin unguwa gayya ba tare da ya faɗa masa ba. Matan gida suka dama hura, makaɗi ma ya zo. Suka share gonar tas. Kututturan kuma suka tara musu kara suka cinna wuta, kada su sake toho su wahalar da tsoho.

Da la'asar Hassan ya ɗora shi a amalanke ya kai shi ya gani. Hayaƙi bai gama tashi ba. Samari sun jeru, jiki duk toka, wani ma ya sare yatsa ya ɗaure da tsumma, suna murmushi suna jira.

"Yaya," in ji Hassan, "ga gonarka ta koma yadda kake sonta."

Illo ya duba gabas, ya duba yamma. Zuciyarsa ta karye, ya ji kamar yau aka binne yaron. Amma ina laifinsu? Abin da bakinsa ya faɗa suka yi.

Ya ɗaga hannuwa biyu.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin maganarku."

Suka amsa da amin gaba ɗaya.