Safar Ulu a Gefen Jirgin Ukki

Jirgin ruwan Veikko na alminiyam ne, ya girmi auren Tuomo nesa ba kusa ba, amma ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinsa. Tsohon, wanda jikoki ke kira Ukki har kowa ya ɗauka, yana wanke shi kamar kwanon cin abinci. Dokarsa ɗaya ce: ba a huda masa jirgi.

Tuomo kuwa, mijin 'yarsa Marjut, tun da ya shigo gidan bai taɓa sakewa da tsohon ba. Ba faɗa suke yi ba. Shirun Ukki ne ke razana shi. Don haka da bazara ta shigo, suka je gidan katako na bakin tafkin Saimaa, tsohon ya ce masa, "Gobe za mu ja ƙugiya, ka nemo mariƙan sanda," sai ya tafi nema ba musu. Kafaɗar Ukki ta gaji, ba ya iya riƙe sandar fatsa jirgi na tafiya, dole a sami abin da zai riƙe masa ita.

A shagon kayan kamun kifi, matar da ke sayarwa ta baje masa iri-iri. Akwai wanda ake ɗaurewa da kusa, ta ce ko giwa ba ta fizge shi.

"Sai an huda?"

"Ramuka huɗu kacal."

"Ramuka huɗu, ni kuma kabari ɗaya. Jirgin surukina ne."

Ta yi dariya ta miƙo masa mai baki kamar na kada, wanda ake matsewa a gefen jirgi da hannu, a kwance in an gama. Ya juya shi, ya shafa haƙoran ƙarfen, ya sayi biyu. Haƙoran nan suka dame shi duk hanya. Da ya isa gida ya sami tsohuwar safar ulu, ya yanke ta gida biyu. Da safe ya shimfiɗa ta a gefen jirgin, ya ɗora mariƙan a kai, ya murɗa su a hankali kamar mai ɗaura wa jariri hula. Har daɗin dabararsa ya ji, bawan Allah.

Ukki ya sauko da butar kofi da sanduna biyu. Ɗaya tsohuwa ce, an ƙona suna a hannunta: Sirkka. Matarsa ce, ta rasu hunturun da ya wuce. Tun ranar sandar take rataye a bango, ko Marjut ba ta taɓa ta. Tsohon ya miƙa wa Tuomo ita ba tare da ya dube shi ba.

"Sa ta a gefenka. Ta fi ni sa'a."

Suka fita. Inji na ƙara ƙasa-ƙasa, kifayen katako masu ƙugiya, na yaudarar kifi, na rawa cikin ruwa can a bayansu. Ruwan ya jiƙa safar tun kafin su wuce tsibiri na farko, Tuomo bai lura ba. Yana cikin zuba kofi kifi ya kama ƙugiya, sandar Sirkka ta lanƙwasa. Ya ajiye kofin ya miƙa hannu, amma jiƙaƙƙen ulu a kan alminiyam sabulu ne. Mariƙin ya sulale, ya yi tsalle, shi da sanda da safa suka faɗa ruwa. Tsulum, shi ke nan.

Tuomo ya ji kamar shi ma ya bi su.

"Ukki, ni ne. Ban matse ba. Tsoro na ji kar in..."

"Zauna, kana girgiza jirgi."

Tsohon ya shiga auna wurin da sandar ta faɗa. Ya dubi wani dutse a gaɓa, ya dubi bishiyar da ta karkata a tsibiri, ya juya jirgin. Ya cire ɗan kifin katakon da ke ɗaya sandar, ya ɗaura babban cokalin fatsa na ƙarfe mai nauyi da ƙugiya uku, ya ba Tuomo.

"Riƙe da hannunka. Sake zare har ka ji ƙasa. In ka ji nauyi kar ka fizga, ɗan birni, lallaɓa."

Suka bi ta kan wurin suka dawo, suka sake bi. Suka ciro ciyawa. Suka ciro reshe. Kofi ya huce, hannun Tuomo ya yi tsami, yana ta tsara yadda zai dubi Marjut ya gaya mata. Abin da ya fi ci masa rai, ya saci kallon tsohon sau ɗaya ya ga haɓarsa na rawa.

Can sai ya ji wani nauyi dabam, mai ɗan motsi. Ya naɗe zaren a hankali. Cokalin ya fito da wani siririn zare maƙale a ƙugiyarsa. Ukki ya kashe inji, ya kama zaren da yatsu, ya shiga ja hannu bayan hannu. Kan sanda ya huda ruwa. Sai hannunta, da sunan Sirkka, da mariƙin manne da ita, safar na reto a haƙoransa.

Kifin ya tsinke ya yi gaba, ba wanda ya bi ta kansa. Tuomo ya zube a kan benci yana dariya hawaye na zuba. Tun da yake bai taɓa jin sanyi a ransa irin na wannan lokacin ba.

Ukki ya goge sandar da rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya zare safar ya ɗaga ta.

"Wannan fa? Jirgin ne ya ce maka yana jin sanyi?"

"Kar haƙoran su ƙwarzane shi, Ukki."

Tsohon ya kalle shi, irin kallon da bai taɓa yi masa ba. Ya kafa mariƙin a kan tsurar alminiyam, ya murɗa, kafaɗarsa ta hana shi ƙarasawa.

"Zo ka matse."

Tuomo ya murɗa kaɗan.

"Ƙara."

"Zai bar tabo fa."

"Ƙara, na ce. Jirgi ana sayen wani."

Tuomo ya sa ƙarfinsa duka, har ya ji haƙoran sun nutse cikin ƙarfen da ɗan ƙara. Ukki ya girgiza mariƙin, ko motsi bai yi ba. Ya soka sandar Sirkka a ciki, ya matsa daga wajen inji, wurin da ba wanda ya taɓa zama sai shi.

"Tuƙa mu, ɗana. Ni zan zuba kofi."