Gizagon Shekara

A zamanin da ayari ke saukowa daga Tarabulus zuwa Damagaram, tun Nasara bai shigo ƙasar ba, akwai wani masassaƙi a Matameye mai suna Inusa. Hannu kam yana da shi, sai dai taurin kai, Allah Ya sawwaƙe!

A gidansu akwai al'ada tun kaka da kakanni. Komai gwanintar ɗa, ba ya zama mai sana'ar gidan sai ubansa ya ɗauki gizagon gado, ya tofa masa addu'a, ya damƙa masa hannu da hannu. Inusa ya haura shekara arba'in yana jiran wannan rana, tsohonsa Shekara kuwa kullum sai ya ce da saura.

Wata shekara da rani Inusa ya kai akusa Damagaram. A gidan wani Balarabe ya ga gadon aiki na katako, wato teburin sassaƙa, a samansa ana murza itace da baka da tsirkiya ana fitar da ƙafafun gado, a ƙasansa kuma ga aljihuna, ka jawo su fito, ka tura su koma. Shi ke nan, mutumin naka ya dawo gida ba shi da zance sai wannan.

Wata biyu ya yi yana fafe guntun maɗaci, yana fitar da alluna da gizago, yana haɗa su da ƙusoshin itace. Aljihu uku ya yi, ya goge su har suka zauna daram, ko tsinke ba ya shiga tsakani. Sannan ya dama jar ƙasa da shuni, kowanne da ruwan ƙaro don ya kama, ya shafe gadon ciki da waje, har gefunan aljihunan bai bari ba.

Tsoho Shekara ya dogaro sandarsa ya zo ya shafa. Ya ce, "Inusa, ka matse shi da yawa. Itace yana shan iskar damina, ka rage masa."

"Haba Baba, na Balaraben ma haka yake."

"To."

Da ya bushe, Inusa ya kwashe kayan aikin gidan ya jera a ciki. Gizagon gado, wanda tsohon ya daina iya ɗagawa, ya sa shi a aljihun ƙasa shi kaɗai don girmamawa. Mutanen ƙauyukan Yauri da Dawce in sun zo kasuwa sai sun biyo kallo, shi kuwa sai jawowa yake yana turawa, baki har kunne.

Sai damina ta sauka. Itace ya kumbura, ƙaro ya yi danƙo, aljihun ƙasa ya liƙe kamar da can ba a taɓa yanka shi ba. A kwanakin nan ne kuma zazzaɓi ya kwantar da Shekara.

Ran nan da hantsi tsohon ya kira shi. "Ɗauko mini gizagon nan."

Inusa ya san abin da ake nufi. Ya ruga ya ja aljihu, ya ƙi. Ya zura bakin wuƙa, ya ƙi. Matarsa Mariyama ta miƙo masa gatari ta ce, "Malam, fasa shi mana, itace ne fa." Ya ɗaga gatarin, ya dubi jan nan da shuɗin nan, aikin wata biyu, sai ya sauke. Ya ce bari ya kanga garwashi kusa da shi, zuwa gobe zai saki.

Ya koma ya ce, "Baba, ya ɗan cije, amma gobe in Allah Ya so."

Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Allah Ya kai mu."

Gobe ta zo, aljihu bai saki ba. Jibi ma haka. Kai, wauta dai ba ta da kyau! Rana ta uku bayan azahar Shekara ya cika.

Inusa bai fasa gadon ba ko bayan nan, don me zai fasa kuma? Ya jefa masa tsohuwar tabarma, ya daina ko duban wajen. Baƙin ciki ya ci shi, har ramewa ya yi.

Bayan an gama girbin gero, iska ta bushe, Mariyama tana shara sai zaninta ya sarƙe da mariƙin aljihun. Ta sa yatsa ɗaya za ta cire, aljihu ya sulalo waje ba ko ƙara. Ga gizago kwance, bakinsa ya yi tsatsa. Ta kira mijinta. Ya zo ya durƙusa, ya ɗauka, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Ya wasa shi, ya yi aiki da shi har tsufansa. Amma duk wanda ya ce masa, "Sannu magajin Shekara," sai ya girgiza kai ya ce, "A'a, ba a ba ni ba. Ɗauka na yi."