Rawar da Labo Ya Roƙa

Duk shekara idan aka gama yankan dawa, amfani ya shiga rumbu, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Hasken Kaka takan share wani tsohon siton auduga da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Funtua, ta shimfiɗa tabarmi, ta jera bencina. Daga nan har zuwa ruwan fari, kowace Asabar bayan la'asar akwai wasa. Wani makon na ban dariya, wani makon mai waƙa da kalangu, wani kuma na faɗakarwa a kan taki ko rigakafi. Mutane kan zo daga ƙauyuka a kan babura, a tashi kafin magariba saboda hanya.

Labo yana cikin waɗanda suka daɗe a ƙungiyar. Mutumin Maska ne, yana facin taya a bakin titi, yana kuma da 'yar gonar auduga a bayan gari. Shi ne mai ba da dariya. Ya fito a tsohon kurma, ya fito a baƙon da ke cinye tuwon masu gida yana rantsuwa ya ƙoshi. Da zarar ya leƙo daga bayan zana, kafin ya buɗe baki yara sun fara faɗuwa da dariya.

A wannan shekarar Malam Zakariya, tsohon malamin makaranta da ke rubuta musu wasanni, ya zo da sabon wasa a kan masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda ake kira infoma. Da aka zo rabon rawa, kowa ya sunkuyar da kai. Labo ne ya ɗaga hannu.

"Haba Labo," in ji Malam Zakariya. "Kana fitowa za a fashe da dariya, ka ɓata mini aiki."

"Malam, gwada ni dai. Ga furfura a gemuna, amma har yau in na ratsa kasuwa sai yara su ce ga Kurma nan. Ina so ko sau ɗaya in fito a yi tsit."

Malam ya dube shi, ya ce to.

Ranar wasan siton ya cika har ƙofa. An kafa zana, an jingina karan dawa a jikinta don wurin ya yi kama da bayan gida a ƙauye. Labo ya fito a sanɗa, ya waiga hagu da dama, ya tsuguna, ya kara waya a kunne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Oga, ni ne. Ya sayar da masarar jiya. Ɗakinsa ne na ƙurya, mai ƙofar langa-langa. Kada ku biyo ta titi, ku zagayo ta rafi. Ni dai kada a manta da ni."

Ko tari babu wanda ya yi. Can daga ɓangaren mata wata ta ce, "Allah ya isa!" Labo ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a kan wannan dandali. Da aka tashi har tsire ya saya wa matarsa Marka, ya yi ta ba ta labari a kan yadda aka yi tsit.

Ba a jima ba 'yan bindiga suka shiga wata unguwa a gefen Maska, suka tafi da Alhaji Buba mai sayen hatsi. Ta rafi suka zagayo.

Labo ya je jaje kamar kowa. Bayan haka ne ya lura abubuwa sun sauya a wurin facinsa. Ɗan acaɓa zai zo da taya a sace, ya hango shi, ya ci gaba da tura babur zuwa wurin wani. Masu zama a bencinsa su yi hira suka daina zuwa. Ya yi sallama a majalisa, aka amsa ciki-ciki. Ya ɗauka alhinin Alhaji ne.

Marka ce ta warware masa abin. Ya dawo da azahar ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, ko wuta ba ta hura ba, da wayar ƙanenta a hannu.

"Baban Sadiya, zo ka ga abin da ake yawo da shi."

Bidiyo ne, kuma shi ne a ciki. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauke shi daga kusa, ba a ganin bencina, ba a ganin jama'a, sai zana da karan dawa da mutum a tsugune yana raɗa. An yanke farkon, an yanke ƙarshen. An kuma haɗa da muryar wani da bai sani ba, yana cewa ga wanda ya sayar da Alhaji Buba, mai faci ne a Maska, duk wanda ya samu ya tura wa 'yan'uwa.

Dariya ce ta fara zo masa. "Ai wasan nan ne! Wanda na ba ki labari."

"Ni na sani," in ji ta. "Waɗanda ke turawa fa?"

Ya hau keke ya nufi Funtua wurin Malam Zakariya. Malam ya riga ya gani. Tun safe yake kiran mutane yana neman wanda ya ɗauki wasan gaba ɗaya, amma babu. Wannan ya ɗauki waƙar buɗewa, wancan ya ɗauki wurin da aka kama infoman amma fuskar ba ta fito ba. Malam ya yi nasa bayanin da muryarsa ya tura ko'ina. Wasu 'yan tsiraru suka amsa da Allah ya kyauta, saƙon ya tsaya nan. Bidiyon kuwa har daga Kafur an kira ana tambaya a kansa.

"Za mu je wurin mai unguwarku," in ji Malam. "A tara mutane, a yi magana ido da ido. Wannan ba abin da zai gagara ba ne."

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Labo ya san kowa a wurin. Wasu ya yi musu faci bashi, wasu sun yi gayya tare. Malam Zakariya ya miƙe ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce shi ya rubuta maganganun da hannunsa tun kafin kaka, kuma an yi wasan ne don a tsoratar da masu wannan hali. Mutum biyu da suka kalli wasan suka ce gaskiya ne, sun gani da idonsu.

Sai Sada, babban ɗan Alhaji Buba, ya yi magana. Idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dushe.

"Malam, na ji wasa ne. To masarar fa? Babana ya sayar da masara. Ƙofar ɗakinsa ta langa-langa ce. Ta rafi suka zo. Duk wasa ne ya san wannan?"

"Ɗana, wane ne bai sayar da masara ba a wannan watan? Gida nawa ne a nan ba su da ƙofar langa-langa?"

Malam ya juyo wurin Labo. "Tashi ka maimaita musu. Su gani da idonsu cewa hadda ce."

Labo bai so ba, amma bai ga wata hanya ba. Ya miƙe, ya tsuguna a tsakiyar fili, ya ɗora hannu a kunne. Ya yi niyyar ya faɗe su a sake, kamar mai karatun allo, amma bakinsa ya riga ya saba. Muryar ta sauka da kanta, raɗar ta fito yadda take a waya, kalma bayan kalma. Yana kaiwa "ku zagayo ta rafi" wata tsohuwa daga cikin zaure ta rushe da kuka. Sada ya yunƙura, mutane suka riƙe shi. Labo ya ɗago ya dubi fuskokin. Waɗanda ɗazu suke kallonsa da shakka yanzu sun kawar da kai gaba ɗaya.

Bayan an watse mai unguwa ya kira shi cikin zaure.

"Labo, ni na san ka tun kana yaro, na san ubanka. Ban yarda ka aikata ba. Amma ba zan iya shiga wayar kowa in goge ba, kuma 'yan sa-kai na wasu garuruwan ba su san ka ba, hoton kawai suka sani. Ka ɗan ja jiki zuwa wani lokaci."

"Allah ya taimake ka, in na tafi ai cewa za a yi na gudu."

"Za a ce. In ka zauna kuma ban san abin da za a yi ba."

Haka Labo ya koma kwana a siton auduga, a kan tabarmin 'yan kallo, tsakanin ganguna da buhun kayan wasa. Malam Zakariya ya janye sabon wasan, aka dawo da wani tsoho mai waƙa a kan bikin girbi. Akwai rawar kurma a ciki. Labo ya sami Malam ya ce a bar shi ya fito, ko mutane sa tuna wane ne shi.

Malam ya kai maganar gaban 'yan ƙungiya. Sai Najiba mai jan waƙa ta ce, ba tare da ta dubi Labo ba, "Kawu, ka yi haƙuri. Babana ya ce in ka hau dandali ni kada in hau." Mai kalangu ya ce shi kuma ta Maska yake bi in zai koma gida. Labo ya ce ba komai, ya fahimta. Aka ba wani rawar.

Ranar Asabar ya zauna a bayan zana yana leƙe ta wata kafa. Rabin bencinan babu kowa. Wanda aka ba kurman ya yi iya ƙoƙarinsa, aka ɗan yi dariya nan da can. Mako na gaba mutanen suka ƙara raguwa, domin an fara cewa ƙungiyar tana ɓoye infoma. Mai siton ya aiko a ce masa yaushe za a gama.

Marka takan zo da tuwo a kwano ranar kasuwa. Ita ke kawo masa labarin gida. Auduga ta fashe tana zuba ƙasa, babu wanda ya yarda ya yi musu ƙodago, ita da Sadiya kaɗai ke tsinka. Sadiya ta daina zuwa Islamiyya saboda sunan da yara suka sa mata. Wata rana Marka ta zo da sauri, ta ce an sako Alhaji Buba.

Labo ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Me ya ce?"

"Ya rame ƙwarai, da ƙyar yake magana. An tambaye shi, ya ce shi bai san wanda ya nuna gidansa ba. Ba su faɗa masa ba."

"Bai ce ba ni ba ne?"

"Ya ce bai sani ba."

Labo ya koma ya zauna. Ya buɗe kwanon, ya rufe.

Wasannin shekarar ba su kai ruwan fari ba. Malam Zakariya ya tara 'yan ƙungiya ya ce a dakata, aka mayar wa mai sito makullinsa. Da suka rage su biyu, Malam ya ce, "Na je wurin 'yan sanda, sun ce babu wanda ya kawo ƙararka, don haka babu abin da za su wanke. Na je gidan rediyo, sun ce sai sun duba. Wallahi Labo, ban san ƙofar da ta rage ba."

"Ni na roƙa, Malam. Kai ma ka hana ni."

Wan Marka yana da shago a Zariya, ya ce akwai wuri a gefensa da mutum zai iya kafa faci. Labo bai koma Maska ba ko don sallama. Ƙanensa ne ya ɗauko injin iska da ƙarafan aiki ya kawo tashar mota, ya karɓi riƙon gonar. Marka da Sadiya suka iso da katifa da tukwane a ɗaure. Malam Zakariya ya tsaya a gefen motar har ta cika, yana ta cewa abin zai lafa, kafin kaka mai zuwa za a manta. Labo ya ce Allah ya sa. Ya zauna ta taga, ya ja hula ya rufe goshi, kwandasta ya buga bayan motar, direba ya ja.